Bawul ɗin da Baba Ya Rufe

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a zaman da kuke yi a can, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana zuwa kasuwa da kanta, ko da yake in ta dawo sai ta yini tana mitar yadda komai ya lalace. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da cinye mana abin da ke cikin firji. Goggo ta zo ta yi mana mako guda, ta gyara wa kowa zama, ta koma. Maigidana da yara duk suna lafiya.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin duk lokacin da ka kira waya Inna tana gefena, kuma akwai maganar da ba zan iya yi a gabanta ba. Ranar nan ka tambaye ni jikin Baba, na ce da sauƙi. Ban yi maka ƙarya ba, jikinsa garau yake, yana ci yana sha, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Mantuwar ce ta ƙaru fiye da yadda ka bar ta. Yakan ci abinci ya wanke hannu, can an jima ya tambayi Inna ko yau ba a ɗora tukunya a gidan ba ne. Sau biyu ya kira ni da sunan Goggo. Likita ya ce abin tsufa ne, ba a warkar da shi, sai dai a rage masa gudu. Amma da safe, daga hantsi zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kansa yakan washe, ka zauna da shi ka rantse babu abin da ke damunsa. A irin wannan safiya ne abin da zan ba ka labari ya faru, kuma sai na fara da wurin aikinmu kafin ka gane.

Ka tuna gonakin da ke bayan tudu, inda hanya ke ƙarewa? Yau ko kara ɗaya ba za ka gani ba. Gidaje ne iya ganinka, da makarantu, da kasuwa, da ƙaramin asibiti. Matatar ruwan da Baba ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, an gina ta ne lokacin da garin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na yanzu ba. An ƙara mata injuna sau biyu, amma mutane sun fi injuna saurin ƙaruwa. Ruwan da za mu ja daga kogi, mu bar laka ta kwanta, mu tace shi ta cikin yashi, mu sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ne dai za a raba wa tsohon gari da sababbin unguwanni da ƙauyukan da ke gefen babban bututu. Ni aikina a sashen rarrabawa shi ne in zauna gaban ma'aunai, in ga inda ƙarfin ruwa ya hau da inda ya faɗi, in taya tsara wanda zai samu yau da wanda zai jira gobe. Wanda ya samu ba ya sanin ina nan. Wanda bai samu ba ya san teburina sarai.

Bara hukuma ta gina babban tanki a kan tudun, aka ja bututu zuwa cikin sababbin unguwannin, mutane suka sa famfo a gidajensu suna jira. Da aka tura ruwa sai ya ƙi hawa. Injuna su yini suna aiki, tankin ko kashi ɗaya cikin biyar bai cika ba. Wata huɗu muna wannan fama. Injiniyanmu, wani dogon mutum marar yawan magana, ya sa aka bi layin da ƙafa tun daga matata, ana neman inda ya fashe ko inda aka huda aka ja ta ɓarauniyar hanya. An samu ƙananan wurare an toshe, amma abin bai canza ba. Muka je ɗakin ajiya neman tsohuwar taswirar bututun, muka tarar rufin ya daɗe yana yoyo, kuma shafin da muke nema shi ne ya jiƙe ya manne da na bayansa. Ka ji fa, hukumar ruwa, ruwa ya cinye mata taswira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan wata malamar asibiti daga bayan tudun. Ba ta yi hayaniya ba kamar yadda aka saba yi mana. Ta ciro kwalba daga jakarta ta ajiye a kan teburina, ruwan ciki kamar an wanke shinkafa. Ta ce wannan shi ne abin da 'yan garuwa ke kawo musu, ba ta san daga inda suke ɗebowa ba, kuma da shi take wanke hannu kafin ta karɓi haihuwa. Ta ce yaran da ake kawo mata da gudawa sun ninka na bara, biyu kuma ba su koma gida ba. Sannan ta ce ba ta zo faɗa ba, so take in gaya mata rana, ko da nesa ce, don ta san abin da za ta riƙa faɗa wa iyayen. Yaya, ba ni da ranar da zan ba ta. Na raka ta har bakin ƙofa ina ba ta haƙuri, ta ce haƙuri tana da shi da yawa a gida.

Asabar ɗin makon na je gida da safe, ina tsakar gida ina taya Inna shanya, ina ba ta wannan labarin. Baba yana kan kujerarsa a inuwa, na ɗauka ma ba ya ji. Sai kawai ya tambaye ni ko mun buɗe bawul ɗin da ke gindin tsamiya. Ka san bawul, makullin nan da ke ƙarƙashin ƙasa wanda ake buɗe wa ruwa hanya ko a rufe. Na ce wace tsamiya. Ya dube ni kamar yadda yake dubanmu da in mun kawo sakamako marar kyau, ya ce tsamiyar da ke bayan kwalbatin, a hanyar tudu. Ya ce shekarar da bututun wajen ya fashe, shi da hannunsa ya rufe bawul ɗin, bayan an gyara kuma ya buɗe shi kashi ɗaya cikin huɗu kawai, domin a lokacin babu kowa a can sai makaranta ɗaya da masu gonaki, bai ga dalilin da zai sa a rage wa cikin gari ƙarfin ruwa ba. Ya ce ya rubuta a littafin aiki. Ya faɗi wanda ya riƙe masa fitila, da wanda ya tuƙa mota, duk sun rasu.

Na kwana biyu ina juya maganar. Mutumin da bai tuna ko ya karya kumallo ba, yaya zan ɗauki maganarsa in kai gaban injiniya? Inna ta ce in rufa wa mahaifina asiri, kada in kai shi inda yaran da ya koya wa aiki za su ga yadda ya koma. Ta yi gaskiya ta wani ɓangaren, kuma na ji zafin maganar. Amma kwalbar nan tana kan teburina, ban iya zubar da ita ba. Ranar Litinin na sami injiniya na gaya masa komai, har da halin da Baba ke ciki, don kada ya ce na ɓoye masa. Sai ya ce wata huɗu yana bin shawarar masu cikakken hankali bai ga ruwa ba, in tambayi Baba wace safiya ce ta yi masa.

Mun je ranar Laraba da hantsi, da motar aiki, da injiniya da ma'aikata huɗu. Inna ta sa masa farar rigarsa, ta sa mini maganinsa a jaka. Da muka isa, babu tsamiya. Wurin ya zama layin shaguna, ga mai walda, ga mai faci, ga kantin magani, an shimfiɗa kwalta. Baba ya sauko ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma, na ga idonsa ya fara wannan yawon da na sani. Ya tambaye ni a hankali me muka zo yi kasuwa. Yaya, a lokacin na so ƙasa ta buɗe in shige, ba don kunyar kaina ba, don shi. Ma'aikatan suka sunkuyar da kai. Sai wani tsohon ma'aikacinmu, wanda muke kira Sarkin Bututu, da ya fara aiki a ƙarƙashin Baba, ya matso ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda suke yi a da, ya ce ranka ya daɗe, an turo mu bawul ɗin hanyar tudu ne, daga ina za mu fara. Baba ya gyara tsayuwa. Ya ce a kai shi kwalbatin.

Kwalbatin yana nan, an faɗaɗa shi amma bakinsa na dā bai gusa ba. Baba ya jingina bayansa da shi, ya ce taku arba'in da biyu ne zuwa wajen tudu, sannan uku zuwa dama. Ya taka da kansa yana ƙirgawa, ina riƙe da gwiwar hannunsa. Inda ya tsaya aka haƙa, har zurfin ƙirji, babu komai sai jar ƙasa. Mutane sun fara taruwa, wani yana cewa zinariya ake nema. Ni dai na riga na fara shirya yadda zan ba injiniya haƙuri. Sai Sarkin Bututu ya ce a dakata. Ya ce mutumin da ya ƙirga takun nan yana da shekara arba'in ne, kuma shi ya san tafiyarsa, sai ka yi sassarfa kafin ka cim masa. Ya dubi injiniya ya ce tsayinsu ɗaya da Baba na wancan lokacin, ya roƙe shi ya koma kwalbatin ya taka irin tafiyar mai sauri. Injiniya ya cire hularsa ya miƙa mini, ya taka arba'in da biyu, sannan uku zuwa dama. Ya tsaya a kan simintin ƙofar shagon mai walda.

Mai waldan da farko ya ce sam, shi ya zuba simintin nan da guminsa. Da aka yi masa alkawarin za a mayar masa da shi yadda yake, aka kuma gaya masa abin da ake nema, sai ya tambaya ko ruwan zai kai bayan makarantar, domin can gidansa yake. Aka ce in Allah ya yarda. Shi da kansa ya ɗauko guduma. Ba a yi zurfin kamu uku ba ƙarfe ya yi ƙara. Murfin ne, ya yi tsatsa, ga saiwar tsamiyar da aka sare ta naɗe shi. Sarkin Bututu ya zauna a bakin ramin yana share ido da hularsa. Baba ya leƙa ya ce kada wanda ya yi masa ƙarfi, a jiƙa shi da mai kwana biyu, in an zo buɗewa kuma a juya kaɗan a jira, a juya kaɗan a jira, domin tsohon bututu ba ya son a ba shi mamaki.

A mota muna dawowa ya faɗi abin da ya sa na rubuto maka. Ya tambaye ni ko na san abin da zai faru da unguwarmu in aka buɗe bawul ɗin duka. Na sani, domin na riga na duba ma'aunai. Shekara talatin da wani abu famfon gidanmu bai taɓa ƙafewa ba, muna alfahari da haka, muna cewa unguwarmu a kwari take shi ya sa. Ashe rabon wasu muke sha, tun kafin su zo, da kuma bayan sun zo. Na ce masa za mu ragu ƙwarai. Ya ce to, shi lokacin da ya rufe, mutum nawa ne a can, yanzu kuma mutum nawa ne. Ya ce in gaya wa injiniya kada ya ji nauyinsa, a buɗe. Daga nan ya jingina kansa ya yi barci har gida.

An buɗe ranar Asabar, a hankali kamar yadda ya ce, aka yini ana yi. Washegari da la'asar tankin ya cika karo na farko. Malamar asibitin ta kira ni, ta kara wayar a bakin famfo don in ji. Mu kuma a tsohon gari aka koma kwana biyu a mako, kuma ni ce na rubuta jadawalin da hannuna. Ba zan ɓoye maka ba, an yi mana magana. Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ta yi mana wanka muna jarirai, ta ce wa Inna mijinta da 'yarta sun kwashe ruwan unguwa sun kai wa baƙi. Inna ta dawo ta zauna ba ta ci abinci ba. Ni ma ba na cewa maƙwabciyar ba ta da hujja, tsohuwa ce, ba ta da mai ɗebo mata. Na sa an kai mata duro biyu, ta karɓa, amma har yau in na gaishe ta da kai take amsawa. Ina yawan tunanin mutanen da take kira baƙi. Rabinsu 'ya'yan tsohon gari ne da suka yi aure gida ya yi musu kaɗan. Ɗan ita kanta maƙwabciyar a can yake da matarsa da yara huɗu.

Gaskiyar magana, abin da muka yi rabo ne muka gyara, ba ruwa muka ƙara ba. Ana maganar sabuwar matata a gaba da gada, an auna fili, an kawo zane, amma ko an fara gobe sai ta ci shekara uku, kuma kafin nan bayan tudun ma zai sami nasa bayan. Game da rijiyar burtsatse da ka ce a haƙa a gida, na gode, Allah ya saka da alheri, amma ina roƙon a ɗan dakata. Layinmu kaɗai akwai guda shida, biyu sun fara ba da ruwa mai gishiri, kuma na gwada ta gidan mai kanti na ga abin da bai kwanta mini ba, ta yi kusa da masai. Tanki babba a kan ɗakin girki zai fi mana amfani, a tara na kwana biyun nan a yi ta lallaɓawa. In ka amince sai in sa a duba.

Kwana huɗu bayan an buɗe, da yamma, Baba ya je alwala ya murɗa famfo, iska kawai ta fito. Ya kira ni ransa a ɓace, ya ce wane irin sakaci ne wannan, a ba shi rigarsa zai je ofis ya ji wanda ke kan aiki. Ya manta komai, Yaya, da kwalbatin, da takun, da maganar cikin mota. Na zuba masa ruwa a buta, na zauna kusa da shi na ba shi labarin tun daga farko, kamar labarin wani. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaye ni wa ya nuna wurin, na ce shi ne. Sannan ya tambaya ko ruwan ya kai gidan ƙarshe a layin, domin in bai kai na ƙarshe ba, ba a gama aiki ba. Na ce ya kai. Ya ce to a mayar da rigar. Tun daga ranar ya sake tambayata sau huɗu, kuma duk lokacin da na ba shi labarin, tambayar gidan ƙarshen nan ce yake yi.

Yanzu kowace Asabar da safe nakan je da littafi in zauna kusa da shi, in ce masa ana nemansa da shawara a ofis. Ya ba ni bawul goma sha ɗaya da babu su a taswirarmu, an haƙa bakwai, an sami biyar. Amma ina lura safiyar tana gajarta. Watan jiya mukan yi awa biyu, yanzu in mun yi ɗaya na gode Allah. A tsakiyar maganar bututu yakan tsaya ya tambaye ni ko ka dawo daga makaranta. Sai in ce masa kana hanya. Na san aikinka, na san ba a ba ku hutu yadda kuke so, kuma ban taɓa matsa maka ba. Wannan karon ina matsa maka. Kada ka jira ƙarshen shekara. Ka zo yanzu da in ka shigo zai ɗaga kai ya san ɗansa ne, ko mako ɗaya ne, ka zauna da shi da hantsi. Ka zo da mai sunansa in zai yiwu.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka ce mata na ga saƙon kuma zanen ya yi wa Inna daidai. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da 'yar lelen gidan, ka ce Goggonsu tana nan tana ƙirga haƙoran da suka faɗi ba ta gani ba. Inna tana gaishe ku, ba ta san na rubuta wannan ba, don Allah kada ka nuna mata a waya. Kawu da Goggo da Auta da maigidana duk suna miƙa gaisuwa. Sarkin Bututu ma ya ce in gaishe ka, wai ko ka tuna shi. Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba mu ikon kula da su kamar yadda suka kula da mu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In ka tsayar da rana ka sanar da ni da wuri. Ka yi ƙoƙari ka sauka Talata ko Juma'a, su ne ranakun ruwanmu, don ka samu ka yi wanka.

Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka